Shinkafar Inna a Kan Kwalta

Tun da malkar bana ta kama ban iya zama wuri ɗaya ba. In na shimfiɗe ɗana Sadiƙu sai in fita tsakar gida in dubi gabas, in komo in taɓa goshinsa, in sake fita. Maigidana Umaru, da ke jan keke mai ƙafa uku tsakanin Gwadangaji da cikin garin Birnin Kebbi, cewa yake da sama na da kunya da tuni ta rufe fuska saboda kallon da nake mata. Shi ɗan birni ne, ruwa a wurinsa taɓo ne da ƙarancin fasinja. Ni kuwa 'yar fadama ce. A ƙauyenmu, gab da Argungu, bakin titin da ya fito daga Birnin Kebbi, in aka ce gulbi ya cika ba mai tambayar me ake nufi.

Umaru ne ya ɗauko wasu mutanen Zauro, ya ji suna cewa ruwa ya hau gonaki. Da ya dawo yake gaya mini, bai rufe baki ba na kira Inna a waya. Ta ce namu ma ya hau, amma an yi gayya an yanko abin da ya samu, an buge, rana kawai take jira ta shanya a kan kwalta. Wannan shinkafar ita ce abincinta na shekara. Tun rasuwar Baba ba ta da wata gonar.

A yammacin nan ƙanwata Luba ta dawo daga ofis ta zauna bakin katifa, ko mayafi ba ta cire ba.

Luba ce mai karatu a gidanmu. Ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, sannan aka ɗauke ta a wani shiri na koya wa waɗanda suka kammala karatu yadda ake tsara aikin gwamnati. Ta sha faɗa mini sunan shirin da Turanci, bakina ya ƙi ɗauka. Maƙwabciyata Maman Rahila, mutuniyar Filato da mijinta ke tuƙi a wata ma'aikata, ita ta warware mini shi muna wanki.

"Maman Sadiƙu, wannan abu ba ƙarami ba ne fa. Suna zaɓan yara masu kai, su manna kowa da wani babba na shekara guda. Ya shiga mitin da shi, ya ga yadda ake yanke magana. In shekara ya cika, bakin oga ne zai ce a riƙe ko a sallama. Ki gaya ma ƙanwarki ta riƙe jakan oga, ta riƙe bakinta."

Tun daga ranar nan, da yake a wurina Luba ke zaune, nake goge mata kaya da kaina.

"Yaya," in ji Luba, "ran Asabar manya za su tai jaje wajenmu. Darakta ya ce tunda ni ɗiyar can ce, ni zan riga su isa da safe, in tabbatar an share hanya."

"Share hanya kamar ƙaƙa?"

"Kin sani."

Na sani kuwa. Sai da na ji warin shinkafa mai tsami a hancina, alhali babu ko ƙwaya a ɗakin.

Warin nan ya mai da ni wata shekara, ina aji biyar na firamare. Damina ta makara. Zafi ya yi zafi har ƙasar fadama ta tsattsage, muna saka ƙafa a tsagar muna wasa. Da ruwan ya zo kuma sai ya zo da kyau, shinkafa ta tashi kore shar, Baba na dawowa daga gona yana waƙe-waƙe, abin da ba halinsa ba. Ta yi ciki, ta fid da kai, ta fara ja. Saura kaɗan a sa lauje malka ta sauka.

Ruwa ne marar fushi, siriri, amma ba ya ɗaukewa. Katangar gidanmu ta jiƙe har in ka danna yatsa sai ya shiga. Itace ya ƙi kamawa, Inna na hura wuta a zaure idonta na hawaye, tuwo na fitowa da ɗanɗanon hayaƙi. Tufafinmu ba su bushewa, mu sa su da sanyinsu. Kwaɗi har cikin ɗaki. Amma ba wannan ruwan ya ci mu ba. Na gulbi ne, wanda ya taho shiru. Da safe aka gan shi a gindin giginyar da ke iyakar gonarmu, kafin rana ta raba ya kai wuyan shinkafa.

Aka buga gangar gayya. Maza suka shiga jirage, waɗanda ba su samu wuri ba suka hau gora suna iyo kamar masunta. Ba a ganin abin da ake yanka, sai dai a zura hannu a laluba, a kama, a yanke, a jefa cikin jirgi. Gonar wannan yau, ta wancan gobe, ba mai cewa tawa ce farko, sai wadda ruwa ya fi ci. Mata na kan tudu suna bugu a jikin turmi da aka kwantar. Ni aikina ɗauko dami daga bakin ruwa, in Baba ya fito kuma in zuba masa toka a ƙwauri don matsattsaku su saki. Ƙafafunsa sun yi fari fat sun yamutse kamar na jariri sabon haihuwa. Duk da haka dariya ake. Wani Ɗan Ige ya kife da jirgi, ya taso da laujensa a hannu da ciyawa a ka, aka yi ta kiransa Sarkin Ruwa har ya mutu.

Sai dai jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta jira. In ka tara ta wuri ɗaya, ka sa hannu a ciki, za ka ji ɗumi kamar jikin yaro mai masassara. In ba ta ga rana ba, tsiro za ta yi ko ta yi funfuna. Kuma a duk ƙauyenmu babu busasshen wuri sai kwalta.

Shanyar kwalta tana da tsarinta. Kowace mace ta san iyakarta, ana jera duwatsu tsakanin ta wannan da ta waccan. Gefe da gefe ake shanyawa, a bar tsakiya don mota. Direbobin hanyar sun saba, su rage gudu, su leƙo su yi tsiya su wuce. Ana baza ta ba kauri, sannan a shiga da ƙafa ba takalmi, ana jan ƙafar ana juya ta, ana fid da layi-layi kamar kunya a gona. In kwalta ta yi zafi tafin ƙafa na ƙuna, amma ƙunar nan ita ake roƙo.

Ranar da rana ta fito, wallahi har guɗa aka yi. Tun kafin hantsi titi ya zama ruwan zinariya daga makaranta har masallaci. Ina cikin tamu ina jan ƙafa, Luba tana 'yar ƙarama an ba ta kara tana korar awaki, sai ga wata farar mota. Wani saurayi ya fito da farar shadda. Ba shi da rashin kunya ko kaɗan, har ƙasa ya gai da dattawa. Ya ce manya na tafe su yi mana jajen ambaliya, ana so a kwashe shanya, a share titi, motoci su samu wurin tsayawa.

Baba ya ce, "Yaro, a ba mu zuwa azahar mana. Yau muka ga rana."

"Baba, ni ma aiko ni aka yi. Kafin azahar sun zo sun tafi, sai ku mayar."

Mai gari ya dubi ƙasa, ya ce a kwashe. Wa zai ƙi baƙon da ya zo yi masa jaje? Muka tattara ta da ɗuminta, ba ta jiƙe ba ba ta bushe ba, muka ɗura a buhu. Aka share titin da tsintsiya. Aka jera mu 'yan makaranta a gefe. Muna tsaye muna kallon rana mafi kyau a watan nan tana zuba a kan kwalta ba komai. Azahar ta yi. Aka yi salla aka dawo. Inna ta je ta sa hannu a buhu ta dawo, ta sake zuwa ta dawo.

Sai gab da la'asar muka ji jiniya. Sun zo, sun yi magana mai daɗi, sun raba tabarmi da bokitai da sabulu. Wata mata a cikinsu da ta ga gidajen da suka rushe kuka ta yi na gaske, na ga hawayen. Ba mugaye ba ne. Suna shiga mota gabas ta yi baƙi.

Ruwan da ya biyo baya ya daɗe. Mun baza shinkafar a ɗaki, a zaure, har a kan gadon Inna. Ta fid da farin tsiro kamar gemun tsoho, ta ƙasa ta yi baƙi, gida ya cika da tsami. Inna ta turara abin da ta iya a tukunya, amma ba itace, ba rana. Abin da ya tsira bai kai mu lokacin sanyi ba.

Yunwar ba ta zo da hayaniya ba. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa. Muka shiga cin bado, muna tsinko shi a tafki, a shanya ƙwayar a daka. Tafasa da rama ba ƙuli. Kifi akwai, don ruwa ya bar shi a kowane rami, sai dai kifi ba tuwo yana sa ciki kuka kafin gari ya waye. Na tuna ina zaune a aji allo na yi mini rawa. Na tuna Luba tana lasar murfin tukunya, Inna ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Sabbin bokitan nan kuwa suna jere a tsakar gida, ja da shuɗi, gwanin kyau.

Baba ya tafi cirani kudu. Inna ta kama turara wa masu hali shinkafa ana ba ta ɗan awo, aikin kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya: ɗebo ruwa, jiƙo, wuta, shanya, casa. Aka ce in tsaya gida in taya ta zuwa baɗi. Baɗin ba ta zo ba. Luba ce ta ci gaba, da rigar makarantata da aka rage mata.

Yanzu abubuwa sun sauya. Akwai injin bugu, akwai tamfol, masu injin ban ruwa na noman rani, labarin ruwa na riga ruwa isowa ta waya. Amma tamfol ma sai ya samu busasshiyar ƙasa, kuma har yau tudun ƙauyenmu kwalta ce.

Duk wannan ya bi ta kaina Luba na zaune bakin katifa. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "Ki yi abin da aka ce."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke, Yaya? Ke ce za ki ce haka?"

"Ni ce. Inna ta taho nan ta ci abin da muka ci. Shinkafa ana sake nomawa. Ke in aka sallame ki, wa za mu sake yi wa karatu? Kin gaya wa Daraktan ma?"

"Na gaya masa. Dariya ya yi. Ya ce wanda bai iya share hanya ba, ba ya iya tsara jiha." Ta cire mayafin ta ninke. "Kullum a wurin horo ce mana ake, kafin a yanke abu a tambayi wanda zai faɗa wa. Har jarrabawa na rubuta a kai."

"Jarrabawa daban, Darakta daban."

"Kuma ba ta Inna kaɗai ba ce a kan titin."

Na ɗauki rigarta ta Asabar na goge, na sake gogewa.

Asabar ta waye tas, ko gajimare babu. Na goya Sadiƙu na hau motar Argungu, ni kaina ban san abin da za ni yi ba. Duk hanya ina kallon ruwa dama da hagu ya shafe gonaki, kan itatuwa kawai ke leƙe. Na tarar titi ya cika da shanya, Inna na cikin tata ta ɗaure zani a ƙirji. Na ja ta gefe na gaya mata wanda aka aiko bana.

Ta karɓi Sadiƙu ta yi masa wasa. "To," ta ce. "In ɗiyata tac ce in kwashe, sai in kwashe. Ba ni kunyata ta gaban mutane."

Da hantsi motar ofis ta tsaya. Luba ta fito da atamfa da takalmi mai tsini, kati na rataye a wuyanta. Mata suka tsaya da juyi. Gwaggo Ige, wadda ta yanke mana cibi mu duka biyun, ta dafa ƙugu.

"Jama'a ku kauce, ga gwamnati ta iso! Gwamnati, kin yi kalaci ko a dama miki hura?"

Aka yi dariya, amma gajeriya. Kowa ya san abin da farar mota ke kawowa. Wasu har sun fara jawo buhuna.

Luba ta durƙusa ta gai da kowa. Ta je wurin mai gari suka yi magana. Na ga an kwashi kujeru an nufi barandar makaranta. Ta dawo ta taka tsakiyar titin tana dubawa, ta ce wa mata, "Ku ɗan jawo bakin shanyarku ciki, mota guda ta samu wucewa. Shi ke nan."

"Ba kwashewa?" in ji Gwaggo Ige.

"Ba kwashewa."

Na matsa kusa da ita. "Luba, ki bari su zo su gani, ki ce matan ne suka ƙi."

"Ba su ƙi ba, Yaya."

Ta fid da waya ta kira Darakta a gabana. Nata kawai nake ji. "Ranka ya daɗe, na iso. A'a, ban sa an kwashe ba. In aka kwashe yau ta lalace. Akwai hanyar mota ɗaya-ɗaya, an shirya zama a makaranta. Na ji. Na ji, ranka ya daɗe. Ni na yanke."

Ta sa wayar a jaka. Ta tsaya kamar ba ta san inda za ta sa kanta ba. Sai ta sunkuya ta cire takalman ta miƙo mini, ta ɗage zani, ta shiga shanyar Inna.

"Kai, gwamnati ta iya juyi!" in ji Gwaggo Ige. "Ja ƙahwa, ɗiyar nan, ba rawa anka ce ki yi ba!"

Bayan azahar suka iso. Jiniya ta yi ta kuka, amma dole motocin suka bi juna a hankali kamar awaki a kan gada. Tayar wata ta hau gefen shanyar maƙwabciyarmu ta murƙushe. Babbansu ya leƙo ta gilashi yana kallon shinkafa, ban iya karanta fuskarsa ba. Wata mota ta tsaya daidai inda muke, gilashi ya sauka. Darakta ne, dattijo mai furfura da tabarau. Ya dubi Luba tun daga katin wuyanta har ƙafarta da ta yi buɗu-buɗu da ƙaiƙayi, ya dube ni da goyo da takalma a hannu.

"Ki nemi motar da za ta mai da ke," ya ce, ba tsawa. "Litinin ki same ni."

An yi jawabi a makaranta, an yi rabo, ban je ba. Juyi muka yi ta yi har inuwa ta miƙe. Da la'asar sakaliya gabas ta fara haɗuwa, Inna ta ɗebi ƙwaya ta ɓare ta sa a haƙori. Na ji ƙarar daga inda nake, ƙas. "Ku kwashe," ta ce. Muna jan buhun ƙarshe cikin zaure ɗigon farko ya faɗo.

Washegari Inna ta casa kaɗan, ta ƙulla gida biyu, ɗaya nawa, ɗaya ta miƙa wa Luba.

"Ki kai ma maigidanki na wurin aiki."

"Inna, mutumin da ya bar ni a titi?"

"Sabuwar shinkahwa ba a cinta kai ɗai. Ki kai mai."

Ran Litinin ban iya komai ba. Na ɗora tukunya na manta gishiri, na yi wa Sadiƙu wanka ya fi sau ɗaya. Maman Rahila ta leƙo ta katanga ta ce mijinta ya ji labarin a wurin direbobi, ta girgiza kai, ta ce za ta sa mu a addu'a.

Luba ta shigo da yamma tana ɗingishi, jakarta ba nauyi.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa. Ya ce in gai da Inna." Ta zauna. "Kuma ya ce daga gobe in koma ɗakin fayil. Ba ni ƙara shiga mitin."

"Har yaushe?"

"Bai ce ba."

"To, in shekara ta cika fa?"

"Yaya, akwai tuwo?"

Na zuba mata na sabuwar shinkafar da miyar kuka. Ta cinye ta miƙo kwano na ƙara. Tana ci na lura da yadda ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa. Na jawo su na duba. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe, kuma da su ta wuni cikin takalmi mai tsini tana jiran a kira ta. Shekarun aji sun laushe mata ƙafa. Na ɗauko man kaɗe, na ɗora su a cinyata ina shafawa, tana cije leɓe.

"Gobe ki sa silifas ɗina," na ce. "Ɗakin fayil ba mai duba ƙafa."